Yatsun da Ba Su Yi Zafi Ba

Yanzu in mutum ya rasu a Kano, ɗansa da ke Amurka yakan bi jana'izar ta waya, yana ganin masu ɗaukar makara har bakin kabari. Jikokina ma ba sa fita ƙofar gida sai waya ta gaya musu irin rigar da za su sa. Lokacin da na zauna a New York, ƙarshen shekarun tamanin, ba haka abin yake ba. Labarin mutuwa yakan iso ka bayan an watse daga maƙabarta, sanyi kuma ba ka sanin yawansa sai ya gama aikinsa a jikinka. Duka biyun sun same ni a shekara ɗaya. Na biyun ne ya taɓa mini ƙafa, kuma labarin ƙafar zan bayar.

Ni tafinta ne. Da Larabci da Faransanci da Turanci na ci abinci duk rayuwata. Kafin wani ofishi a Manhattan ya ɗauke ni, na zauna Hartum, na zauna Yamai da Jidda. Ina saurayi ma na taɓa bin ayarin gishiri daga Agadas don kawai in ga abin da ke bayan yashi. Duk ƙasashen nan abin tsoro guda ne, rana. Na san yadda ake ɓoye mata, na san ƙishirwa da alamominta. Da wannan ilimin na sauka a garin da ruwa kan daskare a bakin titi.

Ɗaki na kama a Tompkinsville, cikin tsibirin Staten Island, a gidan Hajiya Memuna. 'Yar Zongon Kumasi ce, gajeriya, mai faɗa da kyauta. Hausarta irin tasu ce wadda ba ruwanta da raba mace da namiji: ni "shi", ita ma "shi". A saman ɗakina akwai Bitrus, mutumin Pankshin. Nas ne a wani asibiti a Brooklyn, amma duk gidan Likita muke ce masa. Shi kuma Malam yake kirana, in yana jin tsokana ya ce Shehi.

Wayar gidan a ƙarƙashin bene take. Wata safiya ina ɗaura igiyar takalmi Hajiya ta ƙwala mini kira, wai daga Najeriya ne. Yayana ne, daga ofishin waya. Layin yana da amsa-kuwwa, duk abin da na faɗa sai ya dawo mini. Ya ce, "Habu, sai haƙuri. Saude ta cika. An kai ta jiya bayan la'asar." Saude matata ce, uwar 'ya'yana. Zazzaɓi ne na 'yan kwanaki. Na ce inna lillahi wa inna ilaihi raji'un, sai na ji muryata ta dawo daga cikin wayar tana maimaitawa, kamar wani ne can yake yi wa wani ta'aziyya. Na ajiye kan wayar, na ƙarasa ɗaure ɗayan takalmin, na tafi aiki.

Ban iya zuwa gida ba. Takardun zamana suna hannun hukuma ana sabuntawa, in na fita ba dawowa, kuma da aikin nan ake ciyar da yaran. Hajiya ta shimfiɗa tabarmi a falonta aka yi zaman makoki. 'Yan Nijar na ofisoshin jakadanci sun zo, direbobin tasi 'yan Gana sun zo, mutanen Kano na unguwar Flatbush ma sun hawo jirgin fito sun zo. Kowa ya zauna ya ce, "Malam, ya haƙuri?" ni kuma in ce, "Da godiya." Baki ya san amsar, ba ya buƙatar in taya shi. Aka yi ta yabona, wai ba a taɓa ganin mai tawakkali irina ba.

Ranar sadakar bakwai hannun Hajiya ya zarce a barkono, har direbobin nan na Gana suna share hawaye suna neman ruwa. Ni na cinye tas. Da aka watse, Bitrus ya tsaya a bakin ƙofata.

"Shehi, yaya miyar?"

"Ta yi daɗi."

"Ƙarya kake, da girmanka. Ba ka ma ji ta ba. Ana ta cewa kana da tawakkali. Ni kullum ina ganin masu tawakkali a asibiti, suna kuka suna gode wa Allah. Kai ba ka nan ne kawai."

"To ina nake?"

"Da na sani ai da na je na ɗauko ka."

Kullum da safe daga tashar St. George nake hawa jirgin fito zuwa Manhattan. Da sanyi ya kankama kowa yakan shige ciki wajen hita, ni sai in tsaya a waje bakin ƙarfe, don a can ba mai yi mini magana. A nan wani ma'aikacin jirgin ya lura da ni, Bature dogo mai jan gemu, shi ke jefa igiya in an zo tsayawa. Sunansa Wolta. Wata rana ya ce da ni, "Kai mutumin Afirka, kana jiran wani ne a nan, ko kuwa rantsuwa ka yi?" Na ce hayaniya ce ba na so. Ya ce shi ma haka, shi ɗan hamada ne. Na dube shi, na dubi ruwan da ke kewaye da mu. Ya ce hamadar Nevada, can yamma, inda za ka yi yini kana tuƙi ba ka ga hayaƙin gida ba. A tsakiyarta duwatsu ne dogaye a tsattsaye kamar tsibirai, ƙasansu ƙura, samansu dusar ƙanƙara.

Turawa suna da wasan zamiya a kan dusar ƙanƙara, da wasu katakai biyu dogaye da ake ɗaura wa ƙafa. Yawancinsu wuraren da aka gyara suke zuwa, inda kujera ke ɗaukar mutum ta kai shi sama, ga shagon shayi, ga masu ceto. Wolta ba ya zuwa can. Duk shekara yakan ɗauki hutu ya koma hamadarsu, ya hau dutsen da ba hanya da ƙafarsa, sannan ya zamo. Na tambaye shi ko akwai mutane a wajen. Ya ce babu ko ɗaya. Na ce in zai je bana ya tafi da ni. Ya yi dariya, da ya ga ban yi ba sai ya daina.

Ranakun Lahadi ya riƙa koya mini a wani filin wasa mai tudu a cikin tsibirin. Ya ara mini katakai da takalman fata masu kauri da suka rufe idon sawu. Na sha faɗuwa. Bitrus yakan leƙo ta taga in na dawo da farin gari a gemu ya ce, "Dattijo da furfura yana sulu kamar ɗan firamare. Hajiya, ki zo ki ga ɗan hayarki." Hajiya kuwa cewa take, "Ku ƙyale shi. Gara shi faɗi a waje da shi zauna ɗaki kamar buhu."

Abu ɗaya Wolta ya nanata mini: safa ta zama ta ulu, kada in kuskura in sa ta auduga, don auduga in ta jiƙe ba ta bushewa a sanyi. Na je wani kanti a Flatbush. Mai kantin ya ji harshena ya juya zuwa Faransanci, yana ce mini ɗan'uwa, ya miƙo mini ƙunshi mai hoton rago a jiki, ya ce ulu ce zalla. Mahaifina ɗan kasuwar yadi ne, da ido rufe nakan bambance auduga. Amma ban buɗe ƙunshin ba. A watannin nan duk abin da aka miƙo mini karɓa nake.

Wajen ƙarshen sanyi muka tashi. Jirgin sama ya kai mu wani birni a yamma, daga nan muka ɗauki a-kori-kurar ƙanen Wolta. Hanya miƙaƙƙiya kamar an ja zare. Na ga hamadu da dama, kowace da halinta. Ta Agadas tana da faɗi amma akwai sawun raƙumi da kashinsa, ka san wani ya riga ka. Ta Sudan tana da kogi a gefenta. Wannan ba ta nuna maka kowa. Wani ɗan tsiro mai launin toka ne ya rufe ta har iyakar gani. Da muka tsaya shan iska na tsinko shi na murza, sai ga ƙamshin tazargade. Saude takan ajiye tazargade a ƙulle cikin tsumma saboda murar yara. Na shinshina, na gane shi, na sa a aljihun riga. Na jira in ji wani abu. Sai Wolta ya danna ham, na koma mota.

Inda hanyar ƙasa ta ƙare muka bar motar. Dutsen yana gabanmu, fari tun daga ƙugu har kai. Don hawa, akwai wata fata mai gashi da ake manna wa ƙarƙashin katakon, gashin ya kwanta baya. Ka tura ƙafa gaba ta tafi, ka so zamewa baya ta ƙi, kamar shafar bayan akuya. Muka goya kaya muka shiga wani kwari muna hawa. Na rataye butata a jikin jaka, 'yar butar roba da ta bi ni Hartum da Jidda. Wolta ya ce, "Ba sai ka kawo tukunyar shayi ba, ina da ita." Na ce ba ta shayi ba ce, ta wanke jiki ce kafin salla. Ya ce to, bai ƙara tambaya ba. Yini muka yi muna hawa. Numfashi ya yi gajere, ba abin da ake ji sai ƙarar katako a kan ƙanƙara. Wannan ya yi mini. Da yamma muka kafa tanti a gindin wasu gajerun itatuwa da iska ta murɗe.

Washegari ya ce zai hau can ƙololuwa shi kaɗai, wajen ya fi ƙarfina. Ya ce in zauna kusa da tanti, in sha ruwa ko ba na jin ƙishi, in yi tattalin man risho don shi ke nan gare mu. Na zauna ina kallonsa har ya koma kamar ƙuda a jikin farin bango. Can rana ta yi tsaka ya zamo. Kowace kwana sai ya durƙusa gwiwa ɗaya kamar mai gaida surukai, ya miƙe, ya durƙusa ɗayar, bayansa layi yana lanƙwashewa kamar alƙalami a kan sabon allo. Na san abu ne mai kyau, yadda mutum kan san farashin kayan da ba zai saya ba. Da ya kai rabi sai ya juya ya sake hawa.

Azahar ta yi. Ruwan butar ya zama dutse. Na kunna risho na narka dusar ƙanƙara, da ta zama ruwa na kashe, saboda mai. Na juye a buta, na zauna a kan jaka, na kwance takalma na cire safa. Na yi alwala kamar yadda nake yi tun ina ɗan shekara bakwai, na wanke ƙafa har idon sawu, na bi tsakanin yatsu da ɗan yatsa. Iska tana busowa daga saman dutsen. A ƙasarmu wa yake goge ƙafa bayan alwala? Kafin ka kai sahu ta bushe. Haka na zura su cikin safa da danshinsu, na shimfiɗa siririyar dardumata a kan ƙanƙara, na tsaya a kai ba takalmi na yi raka'a huɗu, na zauna na yi lazimi. Sannan na mayar da takalma.

Da farko yatsun sun yi ta suka kamar allura. Can sai suka daina. Na ce alhamdu lillahi, sun saba. Madugun ayarin nan na Agadas ya taɓa gaya mana cewa duk wanda ƙishirwa ta sake shi bai sha ruwa ba, ya yi maza ya faɗa wa na kusa da shi. Ban tuna da maganarsa ba a ranar, don ni a wurina maganar rana ce. La'asar ta yi na sake alwala, na sake tsayawa a kan dardumar. A karo na biyu ruwan bai ma yi mini sanyi a ƙafa ba.

Wolta ya dawo gab da faɗuwar rana, iska ta tsananta, gemunsa duk ƙanƙara. Yana dafa mana miyar gwangwani ya ce, "Yaya ƙafafunka?"

Na ce, "Lafiya lau."

Bahaushe ko a gadon asibiti ka tarar da shi ka tambaye shi jiki, da sauƙi zai ce. Tambayar gaisuwa ce, amsarta a shirye take. Shi kuwa Wolta tambaya yake yi. Kuma ban ga na yi ƙarya ba, tunda ba sa ciwo. Na shiga bargon kwana da safar a ƙafata, da alwalar la'asar na yi sauran sallolin.

Da gari ya waye na zauna a bakin tanti na zare safa zan yi alwala. Wolta ya juyo zai miƙo mini shayi, sai kofin ya tsaya a hannunsa. Yatsun ƙafata duka sun yi fari kamar kyandir, na hagu har da gefen tafin. Ya durƙusa ya ƙwanƙwasa ƙaramin yatsan da farcensa. Na ji ƙarar da kunnena, kamar an taɓa ice.

"Jiya ka ce mini lafiya."

"Ba sa ciwo."

"Ai shi ne abin."

Ya ɗauki safar ya murza a tafinsa, ya ce, "Wannan auduga ce." Ya ga butar a gefena, ya ga dardumar da ta ƙandare, bai sake tambayar komai ba. Na ce ya kunna risho in gasa su. Ya ce a'a, da ƙarfi. In suka narke a nan ba zan iya taka su ba, in kuma suka sake daskarewa a hanya, ba yatsu kaɗai ba, ƙafar ce gaba ɗaya za ta tafi. Dole in sauka a kansu yadda suke, yau, kafin rana ta faɗi. Ya ciro safarsa ta ulu busasshiya, wadda ya ajiye wa kansa, ya sa mini da hannunsa, ya ɗaure mini takalma. Muka bar tantin a kafe, da risho da rabin kayansa. Butar kawai na ɗauka.

Saukar nan ba ni da abin faɗa a kanta mai yawa. Mutum da tafin ƙafa yake jin katako, ni kuwa daga idon sawu zuwa ƙasa babu kowa. Sai na sunkuya na duba sannan in san inda ƙafata ta nufa. Wolta yana gaba yana yanka mini hanya a kwance, daga wannan gefen kwarin zuwa wancan, don kada gangara ta kwashe ni. Ina faɗuwa, yana dawowa ya ɗaga ni. Wani wurin kan dusar ya yi ɓawo, ka taka ya riƙe ka, ka sake takawa ya rufta da kai har gwiwa. Ban ji tsoro ba. Na san ƙafata ce ke cikin haɗari, amma kamar labarin ƙafar wani nake fassarawa. Sannu a hankali fari ya fara yayyagewa, duwatsu suka fito, sai tsiron nan mai launin toka, sai motar.

A mota ya hana ni kusantar da ƙafa wajen hita. Mun yi nisa sannan ya ce, "Addininku bai yi wa mai jin sanyi wata hanya ba?"

Sai a lokacin na tuna. Muna yara a zauren malaminmu a Kano mun karanta babin. Wanda ya sa huffi na fata da alwalarsa, shafa kawai zai yi a kai, ba sai ya cire ba. Wanda ruwa zai cutar ya yi taimama. Har akwai inda aka ambaci wata aba wai salju. Wani a cikinmu ya ce, "Malam, mene ne salju?" Malam ya ce, "Ƙanƙara ce mai laushi da ke zuba a wasu ƙasashe. Ba ku ba ganinta. Mu wuce." Muka yi dariya muka wuce. Na ba Wolta labarin da Turanci, na ga ya kamata ya ba shi dariya. Bai yi ba. Ya ƙara taka mai.

A wani ƙaramin gari mai titi ɗaya muka sami asibiti. Wata likita tsohuwa ta sa aka kawo baho da ruwan ɗumi, ta ce in riƙe gefen gado da kyau. Da farko ba komai. Sai fari ya fara komawa ja, sai kuma abin ya zo, kamar an zuba mini garwashi a cikin ƙashi. Ban san mutum yana da murya irin wadda ta fito daga bakina ba. Ban san tsawon lokacin da aka ɗauka ba. Da aka naɗe ƙafafun aka bar mu, Wolta yana zaune a kujera da hularsa a gwiwa.

Ya ce, "Mene ne Saude? Ka yi ta faɗa. Addu'a ce?"

"Matata ce. Ta rasu kafin sanyi ya shigo."

Ya daɗe yana juya hular. "Duk Lahadin nan da muka yi tare, ba ka faɗa ba."

"Ba ka tambaya ba."

"Kullum ina tambayarka yaya kake."

"Ina amsawa ai."

Da sanduna biyu na koma New York. Hajiya ta tare ni a bakin ƙofa, ta dubi ƙafafun ta ce, "Mutum shi bar gado da hita shi tafi neman sanyi har da kuɗin jirgi. Allah shi shirye ka, Malam Habu." Sai ta shige kicin, daga ranar har na warke ban ƙara sayen abinci ba. Ta kuma mayar da ni ɗakin ƙasa don kada in hau bene.

Likitocin suka ce sai an jira, naman da zai rayu da wanda ba zai rayu ba da kansu za su raba iyaka. Bitrus ya ɗauki wankin ciwon. Kullum ya dawo aiki, kafin ya cire rigar asibiti, sai ya shigo da 'yar allura ya bi yatsun ɗaya bayan ɗaya.

"Wannan fa, Shehi?"

"Wayyo! Kai Likita, ka ji tsoron Allah."

"Madalla, wannan namu ne. Wannan fa?"

"Wash!"

"Namu ne. Wannan?"

"Ka taɓa ne?"

Sai ya wuce na gaba. Ƙananan yatsu biyu na hagu, kullum haka. Na ce masa ai su ne masu kirki, ba sa damuna. Ya ce, "Malam, a wannan aikin wanda ke ihu ba shi muke tsoro ba." Sauran suka yi ƙuraje, suka sale, suka hana ni barci, suka warke. Su biyun suka yi shuɗi, suka yi baƙi, suka motse kamar busasshen dabino. Ganye ya fito a itatuwan unguwa kafin likita ya sa ranar yanke su.

Da na farfaɗo daga aikin na ce a ba ni su. Likitan ya ɗauka maganin barci ne bai sake ni ba. Bitrus ya yi masa bayani cewa a wurinmu abin da aka yanke daga jikin ɗan Adam ba a zubar da shi, binne shi ake yi. Aka yi 'yan kai-da-kawo, daga baya Bitrus ya shigo gida da wata 'yar kwalba a cikin jakar takarda.

Ranar Asabar ce da hantsi. Hajiya ta shiga ɗakinta ta fito da farin yadi a ninke, likkafaninta ne da ta sayo a Makka ta ajiye. Ta sa haƙori ta yago faɗin tafin hannu daga gefe. Na ce, "Haba Hajiya." Ta ce, "Ni gajere ne, saura shi ishe ni." A bayan gidan akwai ɗan fili inda take shuka gauta da tumatir. Aka fitar mini da kujera. Bitrus ya yi haƙa da 'yar fartanyarta a gindin katanga, ƙasa ta saki, baƙa mai danshi. Wolta ya zo daga aiki da rigar jirgi a jikinsa, ya tsaya can gefe ya cire hula.

Ba a yi wa gaɓar mai rai salla. Naɗewa kawai na yi, ƙunshin bai kai girman goro biyu ba. Na laluba aljihun rigar da na je dutse da ita, tsiron nan yana nan ya bushe, na sa shi a ciki. Na sauko daga kujera na durƙusa, na ajiye ƙunshin a ramin, na tura ƙasa da hannuna har ya cika, na daddanna. Na ɗauki butar na yayyafa ruwa a kai yadda ake yi. A Kano wasu ne suka yi wa Saude wannan, ina nan ina ɗaura takalmi. Na daɗe a durƙushe da ƙasa a tafin hannuna, ba wanda ya ce in tashi.

Bitrus ya jingine fartanya ya tsuguna kusa da ni. Ba da tsokana ba ya ce, "Malam, ya haƙuri?"

Amsar ta zo bakina kamar kullum, na riƙe ta. Na ce, "Da wuya, Likita. Wallahi da wuya."

Ya ce, "Yauwa."

Hajiya ta juya ta shige gida tana goge fuska da bakin mayafi, tana faɗan wai an tattake mata gauta.

Sai bayan shekara takarduna suka fito na je gida. Yayana ya kai ni maƙabarta ya nuna wani sashe da hannu, ya ce tsakanin nan da can ne, damina ta baje alamar. Na yi addu'a a inda ya nuna. Na zauna New York har tsakiyar shekarun casa'in, ban sake hawa katako ba. Wolta ya koma hamadarsu daga baya, gidan Hajiya kuma na ji an sayar, ban san abin da aka gina a bayansa ba.

Ƙafata ta hagu yatsu uku gare ta, ina ɗan karkata in ina tafiya, kuma in sanyi ya shigo huffi nake sawa in yi shafa. Tun daga ranar nan kuwa, in mutum ya tambaye ni lafiya, sai na duba kafin in amsa.